Yarana a Legas ba sa ƙera komai, kuma tsoron komai suke yi: ta ina zan fara gyara?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina zaune da iyalina a gidan haya a Agege. Lokacin da muke firamare a Arewa, mu ke ƙera motar kara da ta gwangwani, mu yi langa, mu hau bishiya, a makaranta kuma akwai aikin hannu da gona. Yarana uku ne: namiji mai shekara 9, mace mai 7, da auta mai 4. Daga makaranta sai lesin, sai Islamiyya, sai waya. Babban ko fensir bai iya feƙewa ba, in aka aike shi bakin layi sai ya ce tsoro yake ji. Laifin makarantun yanzu ne? Me zan yi, ga Legas yadda take?

Amsa: Alhaji, Allah ya raya su, ya yi musu albarka. Zan fara da abin da ba lallai ya yi maka daɗi ba. Makarantar da kake tunawa ba ita ta koya maka ƙera mota ba. Hadda ce da bulala, kamar ta yanzu ko ma fiye. Alherin da ta yi maka shi ne tashi da wuri. Ana kaɗa ƙararrawa wajen azahar ka dawo gida, in ka cire lokacin makarantar allo, sauran yinin naka ne. Ga fili a ƙofar gida, ga karan dawa jibge bayan kaka ba mai tambayar kuɗinsa, ga yara rututu, babba na yi ƙarami na kallo. Wato ka samu lokacin da ba wanda ya tsara maka shi, da wurin wasa, da tarkacen da ba a jin ciwon lalacewarsa, da abokan wasa masu shekaru daban-daban. Waɗannan Legas ta ƙwace wa yaranka, kuma su za ka nemo musu. Ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take.

Kada kuma kewar da ta rufe mana ido. A wancan zamanin yara sun nutse a kududdufi, danƙon harbin tsuntsu ya tsiyaye idon wasu, wankan rafi ya sa wa da yawa tsargiya. Ba duk abin da aka bar mu muka yi ne ya dace a maimaita ba.

Makaranta tana da nata kason laifin. Ka tuna yadda aikin hannu ya mutu: da farko yaro ke saƙa faifai ko tufka igiya da kansa, daga baya aka ce a sayo tsintsiya a kawo, daga ƙarshe aka ce a kawo kuɗinta a ba da maki. Tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) da aka fara a farkon shekarun 1980 ya zo da darasin gabatar da fasaha a ƙaramar sakandare, aka shigo da injuna daga waje, da yawansu suka ruɓe a akwatunansu saboda ba wuta ba malami. Har yau darasin al'adu da fasahar ƙirƙira yana cikin manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu a Najeriya, amma a takarda ake jarraba shi: "lissafa sana'o'in hannu biyar". A Legas kuma ga matsalar fili. Ƙidayar da aka yi tsakanin 2010 da 2011 ta samu makarantu masu zaman kansu sama da 12,000 a jihar, kuma wanda ya san Agege ko Mushin ya san da yawansu gidajen zama ne aka mayar azuzuwa, harabar ba ta wuce wurin ajiye mota biyu ba. Ko makarantar allo an rage mata. A da ɗalibi ke feƙe alƙalaminsa na gamba, ya haɗa tawada da gawayi da ƙaro, yanzu duk a shago ake saya.

Abin bai tsaya a kanmu ba. A Ingila an auna cewa a 1971 kashi 80 cikin ɗari na yara masu shekara 7 zuwa 8 su kaɗai suke tafiya makaranta, zuwa 1990 ya koma kashi 9. A Amurka wata mai bincike, Kyung Hee Kim, ta bi sakamakon gwajin ƙirƙira na shekaru da dama, ta bayyana a 2011 cewa makin yara yana sauka tun daga 1990, kuma ƙananan azuzuwa abin ya fi taɓawa. Nasu alƙaluman ne, ba na Agege ba, amma cutar iri ɗaya ce.

Mu fara da lokaci, domin in babu shi sauran maganar banza ce. Ɗauki takarda ka rubuta ranar Talata ta babban yaronka daga asuba. Za ka ga ya tashi wajen ƙarfe biyar da rabi, makaranta har biyu, lesin har huɗu, Islamiyya har gab da magariba, aikin gida bayan isha'i. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a rana, irin wanda zai sa shi haki. Autanka kuwa awa uku na motsi iri-iri yake bukata, kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya. Ƙara da barcin awa 9 zuwa 12 da likitoci ke so ga ɗan firamare, ka ga lissafin ba ya fita sai an yanke wani abu. A ra'ayina lesin bayan tashi shi ne na farko da za a yanke, musamman ga 'yar shekara 7. Yawancinsa maimaita darasin safe ne ga yaron da ya riga ya gaji, malamin ma ya gaji. In makaranta ta ce dole ne a biya, biya, amma ka ɗauko su da ƙarfe biyu kwana biyu ko uku a mako. Babban kuma kada a tsallake masa aji shida don gaggawar shiga sakandare, wannan al'adar ita ke jawo lesin ya cinye aji huɗu da biyar. Abin da kake nema awa ɗaya ce kullum, da rabin yini a ƙarshen mako, ba darasi, ba waya, ba babban da ke ba da umarni.

Ka shirya wa ƙorafi. Makon farko ko biyu za ka sha jin "ba abin yi". Kada mahaifiyarsu ta miƙa waya don a huta da mita, kada kuma kai ka kawo musu shawarar wasa. Daga wannan gundurar yaro ke fara duba kwali ya ga mota a cikinsa.

Sai tarkace. Nemi babban kwali ko tsohon baho ka ware shi, a sanar da kowa a gida cewa ba shara ba ne. A zuba robobin ruwa, murafen kwalba, tsofaffin silifas, bututun biro, tsinken tsire, robar ɗaure kuɗi, zare da igiya, wayar ƙarfe mai laushi, ƙyallayen tela, guntayen katako daga wurin kafinta, leda, matacciyar tocila da rediyo. Kai da ke Mile 12 ba ka da uzuri, buhu da kwali da fasassun kwanduna zubar da su ake yi. Abin da ba zai shiga ba: batirin mota ko na inbata saboda dalma da ruwan batir, ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli wanda in yaro ya haɗiye yana ƙone maƙoshi cikin 'yan awanni, tsohuwar talabijin mai ƙusumbi domin tana riƙe wuta ko an cire ta daga soket, dogon ƙwan fitila, gwangwanin fenti ko na maganin sauro, da duk galan da ba ka san abin da ya taɓa zama a ciki ba. Gwangwanin madara a bari sai babba ya daddake bakinsa da guduma. Ƙananan abubuwa kuma a nisanta su da auta in har yana kai abu baki.

Motar robar ruwa ita ce magajiyar motar kara a Legas, kuma ya kamata kai ka san yadda take aiki, don ka gane inda yaro ya maƙale. Ana huda robar a gefe da gefe, gaba da baya, a zura bututun biro biyu. Tsinken tsire ke shiga cikin bututun, shi ne gindin taya, murafen kwalba huɗu ko da'irar da aka yanka daga silifas su ne tayoyin. Matsalolin ba sa wuce waɗannan. In hudar murfin ba ta tsakiya ba, mota za ta riƙa ɗingishi. In bututun gaba da na baya ba su daidaita ba, za ta riƙa karkata gefe ɗaya. In aka manne tsinken da jikin robar, taya ba ta juyawa. In tana sulɓi a kan tayil, a naɗe tayoyin da robar ɗaure kuɗi. In ana so ta tafi da kanta, a ɗaura roba a gaban motar, a naɗe ɗaya bakin a tsinken baya, a ja ta da baya a saki. Mai shekara 9 zai iya wuce nan, ya ciro ƙaramar moto daga lalataccen abin wasa ya haɗa da batir biyu na tocila, kowanne bolt 1.5. Wannan wutar ba ta jan mutum. Zai gano da kansa cewa in ya juya wayoyin motar baya take yi, in kuma wayoyin biyu suka haɗu kai tsaye batirin zafi yake ɗauka, sai a raba su nan take. Soket ɗin bango da wayar janareto kuwa haramiyarsa ne, a faɗa masa ƙarara.

Wurin da iyaye ke ɓata abin shi ne nan: uba ya ga motar na karkata, ya karɓa ya gyara. Da ka karɓa, motar ta zama taka. Tambaye shi kawai: "Wane gefe take bi? Me ya bambanta tayar nan da waccan?" Ka tashi ka ba shi wuri. Kada kuma a ce masa "wannan ai ba ta yi kama da mota ba". Bidiyon koyarwa na YouTube ba laifi, amma a kalla sau ɗaya a kashe, in ba haka ba kwafi zai koya.

Yanzu maganar tsoro. Wata mai bincike 'yar ƙasar Norwe, Ellen Sandseter, ta kasa wasan kasada na yara gida shida a 2007: hawa sama, gudu da sauri, kayan aiki masu kaifi, kusantar wuta ko ruwa, kokawa, da yin nisa da idon manya. Duba da kyau, duk shidan suna cikin yarintarka. Yaro yana rage tsoron abu ne ta hanyar kusantarsa kaɗan-kaɗan da ƙafarsa, ya ji gabansa ya faɗi, ya ga ya tsira. Wanda aka hana wannan, tsoron ba ya tafiya, girma yake yi tare da shi. Ƙa'idar aiki ita ce ka raba haɗari biyu. Akwai wanda yaro ke gani da idonsa ya auna, kamar tsayin reshe ko kaifin wuƙa, wannan a bar masa a koya masa. Akwai wanda ba ya iya gani, kamar ruɓaɓɓen murfin masai, rijiya a buɗe, wayar lantarki da ta sauko, kananzir a robar lemo, hayaƙin janareto a lungu, duro cike da ruwa ba murfi. Wannan kai za ka kawar da shi tun kafin a fara wasa. Gidajen haya da yawa an juya abin: an hana yaro taɓa wuƙa, ga kwalbar maganin ƙwari a ƙarƙashin gado.

Wuƙa a fara da auta, wuƙar cin abinci marar kaifi a kan ayaba ko dafaffen dankali. Mai shekara 7 ta isa riƙe ƙaramar wuƙa mai kaifi ta yanka kuɓewa ko alayyafo, amma a kan katako, a zaune, yatsun hannun da ke riƙe kayan a lanƙwashe ciki, ba irin yankan a tafin hannu da manya ke yi ba. Dakusasshiyar wuƙa ta fi yanka yaro, domin sai ya danna da ƙarfi ta zame. Reza ba ta da mariƙi, a bar ta. Feƙe itace kuwa a koya masa tura wuƙar waje, nesa da jiki da cinya, kuma kada kowa ya tsaya inda hannunsa zai kai. Guduma ƙarama, mai nauyin giram 200 zuwa 300, ƙusa 'yar inci biyu mai faɗin kai, katako mai laushi. A soke ƙusar a guntun kwali ya riƙe kwalin maimakon ƙusar, yatsa ya tsira. Zarto sai babban, kuma sai an danne katakon ba ya motsi.

Wuta daga shekara 7 ko 8: ashana da kyandir a cikin faranti mai yashi, kofin ruwa a gefe, ya kunna ya kashe har hannunsa ya daina rawa. Daga nan babban ya koyi hura gawayi a kurfoti a tsakar gida, ba da fetur ba, ba kuma a cikin ɗaki a rufe ba. A kula da tufafi, musamman na yarinyar. Dogon hijabi na yadin roba yana kama wuta da sauri ya narke a fata, a cire shi ko a ɗaure kafin a matsa kusa da murhu ko gas.

Hawa yana da doka ɗaya da ta fi sauran: kada ka ɗaga yaro ka ɗora shi inda bai hau da kansa ba. Wanda ya hau da ƙarfinsa yawanci ya san hanyar sauka. A koya masa kada ya saki hannu ko ƙafa fiye da ɗaya a lokaci guda, ya gwada reshe kafin ya ɗora nauyinsa, ya guji busasshe. Gwaiba da mangwaro suna da ƙarfi, gwanda kuwa cikinta rami ne. Sannan duba ƙasa. Faɗowa daga mita ɗaya da rabi a kan yashi mai zurfin santimita 30 daban take da faɗowa a kan siminti ko intalok, wanda ko daga tsayin tebur zai iya fasa kai. Katangun Legas da kwalabe da wayar kaifi, ƙarfen tankin ruwa, da kangon bene mai rodi a tsaye, duk ba wurin hawa ba ne. In ka ga ya hau, ka daina kiran "za ka faɗo!" Tsaya kusa ka yi shiru na ɗan lokaci, in ya maƙale ka ce "ina za ka sa ƙafar dama?" Ruwa kuwa ba na sassauci a kansa. Tekun Legas tana da igiyar da ke ja ciki, kwata da kanal kuma a watan Yuni da Yuli ambaliya na rufe bakinsu a kasa gane ina titi ya ƙare. Iyo a koya a wurin ninƙaya mai malami, ba a bakin teku ba.

Aike shi ne maganin tsoron babban, amma mataki-mataki. Ka fara da shagon da kake hange daga ƙofar gida, a gefen titinku. Bayan mako biyu ƙarshen layi, ba tsallaka babban titi. Yara ƙasa da shekara 10 ba su cika iya auna gudun mota daidai ba, ga babur da keke masu bin hannun da ba nasu ba, don haka tsallaka titi tare za ku riƙa yi, shi ne zai ce "yanzu", kai kana gyara masa, har ka gamsu. Titin Legas zuwa Abeokuta sai ta gadar masu tafiya a ƙasa. Layin dogon da ya ratsa Agege yanzu jirage na bi a kai a kai, ga na Ibadan ga na cikin gari da ake kira jan layi (Red Line), ba hanyar yanke ba ce. Kafin aiken farko ya haddace lambar wayarka da ta mahaifiyarsa, da sunan layinku da tashar motar da ta fi kusa, domin da tasha ake kwatance a Legas. Ya san in ya ɓace ya shiga shagon da mace ke ciki ko masallaci, ba ya bin kowa cikin mota ko ɗaki, kuma duk babban da ya ce masa "kada ka faɗa a gida", to a faɗa a gida. Wannan ya haɗa da waɗanda ya sani, domin yawancin cutar da yara daga na kusa take zuwa.

Na san wasu Hausawan Legas suna kulle yara ne don gudun kada tarbiyya ko harshe su lalace a waje. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin abin da ke cikin wayar ya fi na layin muni. Yaron da ke jin Yarbanci da Turancin buroka ya fi tsira in ya ɓata, Hausa kuma a bakinku zai riƙe ta. Ku haɗu gida huɗu ko biyar, ku yi magana da mai gidan haya ko ƙungiyar masu unguwa a ware lokaci, misali bayan la'asar ranar Asabar, a layin da ke da get ko harabar masallaci ko filin firamaren gwamnati. Babba ɗaya ya zauna daga nesa, ba alƙalanci, sai in jini ya fita ko an taru a kan yaro ɗaya. Ka nuna musu langa da dara sau ɗaya, mahaifiyarsu ta nuna carafke da gaɗa, 'ya'yan maƙwabta su kawo nasu suwe da ayo. Yarinyar kada a mayar da ita mai tsaron auta, ita ma ta riƙe guduma ta yi gudu. Wuraren shaƙatawa na Alausa irin su Ndubuisi Kanu suna da amfani jefi-jefi, amma fita sau ɗaya a wata ba ta maye gurbin awa ɗaya ta kullum. Sikawut ko 'yan agaji na ƙungiyoyin addini suna ba da ɗaurin igiya, zango da taimakon gaggawa. In za ka kai su gida hutu, na Disamba ya fi dacewa da kara, dogon hutu kuma da gona, sai dai ɗan birni bai san kunama da zurfin rafi ba, a haɗa shi da babba.

A taron iyaye da malamai ka tambayi minti nawa ne hutun tara kuma a ina ake yinsa, ka kuma nemi aikin hannu a riƙa yinsa a cikin aji. Wanda ake bayarwa a kai gida iyaye ke yi, ko a biya kafinta.

Rauni zai faru, ka tanadi auduga, filasta, bandeji da sabulu. Yanka ko ƙujewa a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da ƙyalle mai tsabta minti goma ba ɗagawa. In jinin bai tsaya ba, ko bakin ciwon ya buɗe, ko ƙusa ce ta shige ƙafa, a tafi asibiti. Duba katin rigakafinsu ka tabbata sun karɓi alluran sati 6, 10 da 14, a cikinsu rigakafin sandarewar haƙora (tetanus) take, kuma ka tafi da katin. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi minti 20, ba ƙanƙara, ba man goge baki, ba manja, ba ɗanyen ƙwai. Wanda ya sha kananzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. In yaro ya bugu a kai sannan ya suma ko na ɗan lokaci, ko ya yi ta amai, ko barci ya rinjaye shi ba a iya tada shi sosai, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne, wannan na gaggawa ne. Lambobin agajin gaggawa a Legas su ne 767 da 112. In kuma bayan wata biyu ko uku na wannan tsari tsoron babban bai ragu ba, har yana hana shi barci ko zuwa makaranta, ko kuma tsoron ya zo ne kwatsam a kan wani mutum ko wani wuri, ka zauna da shi ka saurara a natse, sannan ku ga likitan yara.